Ruwan Tsakar Rana

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe min da Inna, ki ce mata ƙafar da take tambaya ta yi sauƙi, sai dai da sanyin safiya takan tuna min da kanta. Man shafawar da ta aiko ya iso.

Kin ce kin gaji da kiran wayar da ba ta shiga. Wayar ta faɗa cikin kwamin da muke wanke kayan lambu, ta sha ruwan da albasata ba ta taɓa samu ba, ta mutu. Ban sayi wata ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Direban da ke ɗaukar kwandunanmu yana bi ta wajenku, ya ishe mu.

Na karanta takardarki. Ƙungiyar manoma ta samu rijiyar burtsatse da fanfo mai aiki da hasken rana. Madalla. Masu neman ruwa sun auna, sun ce ba a bakin rafi za a haƙa ba, sai can tudu, jikin gonata. Wato gonar da take ƙarshen layi ita ce yau a bakin rijiya, kuma babban bututu ba shi da miƙaƙƙiyar hanya zuwa sauran gonaki sai ta tsakiyarta. Shi ya sa aka tuna da ni. Na ajiye takardar na yi ta dariya, har abokin ɗakina ya tambaye ni ko hutu aka ba mu.

Ke lokacin kina makarantar kwana, abin da kika sani shi ne Yaya ya tafi neman aiki. Bari in ba ki sauran. Injin ƙungiya ɗaya ne, mai shan mai, a bakin rafi. Kawu ne shugaba. Gonarsa ce ta farko, tawa da Baba ya bar min ce ta ƙarshe. Ƙa'ida ita ce a fara da na kusa, a bi layi. Shekarar da rafi ya ja baya, injin ba ya iya yini yana zuƙo ruwa. Mai hankali zai ce gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Ina! Kowace safiya sai a koma a fara daga farko. Na kusa suna sha har fangalinsu ya zama taɓo, mu na ƙarshe muna tsaye da fartanya muna kallon busasshen tiyo. Albasata ta fara sa kai, Auta, kin kuwa san abin da ke samun albasa in aka yanke mata ruwa a lokacin. Na je rumfar ƙungiya na yi magana a gaban kowa, ban ɗaga murya ba. Kawu ko kallona bai yi ba. Yana gyara zaman hularsa ya ce, "Haka muka saba yi. Ka yi haƙuri."

Na yi haƙurin. Ga ni nan ina yin sa har yau, a gonar wani, ina ɗaukar kwandunan wani, ina kwana ɗaki ɗaya da ƙarti masu minshari, rigunanmu a rataye a ƙusa guda.

Ban ce ƙarya kike ba a kan abin da ƙungiyar ta zama. Kin ce tun da kuka sayi injin sussuka mata sun daina kwana da ciwon kafaɗa. Kin ce rumfar shanya albasa ta hana ku zubar da amfani a hannun dillali ranar da aka cire, kuma samarin da ke guduwa da rani sun fara zama. Na yarda, don ke ba kya ƙari a magana. Na kuma ji an ba ki rabon ruwa. Ranki ya daɗe! Wadda nake goyo zuwa lambu tana kuka don ƙudan zuma, yau ita ce ke cewa wane ya sha, wane ya jira. Wallahi na ji daɗi, kada ki ga kamar gatse nake.

Amma gonata tana nan yadda na bar ta, kuma na ce kada a taɓa ta. In Kawu na son ruwa ya ratsa ta cikinta ya isa wurinsa, bakinsa ba ciwo yake ba. Ya faɗa da kansa. Ba ƙanwata za a turo min ba don an san ba na iya yi mata tsawa.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, sai ƙaramin da ke haƙori ya hana kowa sakat. Inna ta ce ka riƙa sa safa, kuma ta ce in tambaye ka ko a can ƙasar ba a haifi mata ba ne. Na isar da saƙo, kada ka harare ni.

A tsaye nake rubutun nan, direba ya ce ba zai kashe mota ba.

Ba wanda ya turo ni. Ni na turo kaina, don ni ce zan tsaya gaban mutane in ce musu ruwa ya kai ko bai kai ba. Kawu ya daɗe da sauka daga shugabanci, ko rumfa ba kullum yake zuwa ba. Kana can kana faɗa da mutumin da ka bari, shi kuwa yanzu sai ya dafa bango yake miƙewa.

Na karanta masa takardarka, ban tsallake komai ba. Daga baya ya ce a bar maganar, kada a ƙara roƙonka.

To, an bari. Injiniyar da kamfanin fanfo ya turo mana ta ce za a iya kewaye gonarka ta bayan kukar nan, a sauko ta gefen hanya. Ma'aikatanta ba za su jira mu ba, akwai wata ƙungiyar da ke jiransu, mu kuma irin albasarmu ya kusa isa dashe. Da zarar sun binne bututu sun tafi, shi ke nan, inda ya tsaya nan ya tsaya.

Gonarka kuwa tana gaishe ka. Ƙaya ta kai min ƙugu, awaki ma sun raina ta.

Direba na ta danna min oda. Sai na ji daga gare ka.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Allah Ya raya mai haƙori. Ki ce wa Inna safa ina sawa, ɗayar tambayar kuma ban ji ta ba, iska ta kwashe.

"A bar maganar, kada a ƙara roƙonsa." Kawu ke nan! Tsufa ya karya masa gwiwa, bai taɓa masa wuya ba. Ya gwammace a zagaya duniya da bututu da ya buɗe baki ya ce wa ɗan ƙanwarsa kalma ɗaya. Ranar da na karanta, na ce to, su zagaya, ni ina ruwana. Na kwana biyu ina jin daɗin fushina.

Aikina ne ya ɓata min jin daɗin. Ban taɓa gaya muku dalla-dalla abin da nake yi a nan ba, don Inna na ce wa maƙwabta ina aikin kamfani. Gona ce, Auta, babba, an lulluɓe ta da leda kamar rumfuna. Irin fanfonku suke da shi. Ni ne mai wanke matatar ruwa, ni ne mai bin siraran tiyo a duƙe, ina buɗe ƙofofin ɗigo da suka toshe. Na san halin fanfon nan kamar yadda na san minsharin abokin ɗakina. Ba inji ba ne da za ki zuba masa mai ya yi ta ruri. Da safe rago ne, da la'asar rago ne, duk ƙarfinsa a tsakar rana yake. Kuma ruwa na gajiya a hanya. Duk gwiwar da aka ƙara wa bututu, duk tsawon da aka ƙara masa, daga bakin na ƙarshe ake cirewa.

Shekaranjiya ina duƙe a layin ƙarshe na rumfar tumatir. Na gaba sun kai min kafaɗa, waɗannan kuwa ko gwiwa ba su kai ba, ganye ya naɗe, ƙasa ta yi fari. Na tsaya ina kallonsu har mai kula da mu ya yi min magana. Na san fuskar nan. Tawa ce.

In kuka kewaya ta bayan kuka, ruwan da zai isa ƙarshe ba zai jiƙa ko tafin hannu ba. Ku daina. Bututu ya bi ta gonata, miƙe. Na ba da izini, ki nuna wa duk mai son gani.

Amma da sharaɗi, kuma ba na son a rage masa komai.

Tsakar rana ta mutanen ƙarshen layi ce. Lokacin da fanfo ke da ƙarfinsa duka, a rufe na kowa a sakar musu. Na tsakiya su ɗauki hantsi da bayan azahar. Na bakin rijiya su yi ta fama da safiya da la'asar, don ko ɗigo fanfo ke yi zai ishe su, ruwansu bai yi tafiya ba. In kuma fanfo ya tsaya, ko wani abu ya lalace, gobe a ɗora daga wanda aka tsaya a kansa. Kada in ji an koma farko. In aka koma farko ko sau ɗaya, in ina da rai zan zo in tone bututun da hannuna.

Na san gonar wa ce yanzu a ƙarshen layi. Ba sai kin gaya min ba, na iya lissafin gonakin nan ido rufe, daga tudu har bakin rafi. Ba don shi na yi ba, kuma ba zan fasa don shi ba. Ƙa'idar da na nema a rumfa ran nan ita ce wannan. In ta yi kyau lokacin da ni ne a ƙarshe, ba ta lalace ba don an juya layi.

Faɗin rami kawai za a share. Sauran ƙayar a bar min kayata.

Yayanki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata shirun nan naka lafiya ce. Inna ta fara cewa ko ƙafar ce ta kwantar da kai kana ɓoye mata. Direbanmu ma mun daina ganinsa, wannan ta hannun mai motar taki zan ba da ita, ya ce yana bi ta kusa da ku.

Na jira amsarka har na ji kunyar injiniya. Shiru ma amsa ce, na ɗauka. Mun fara haƙa ta bayan kuka. Maza da mata muka fito, har maigidana da ba ya son rana ya riƙe diga. Da aka auna sosai, sai ga shi bututun da aka ba mu ba zai kai ba. Injiniya ta ce ko da ya kai ma, ruwan ba zai yi ƙarfi ba. Dole a yanke gonakin ƙarshe: ta wanzami, ta matar marigayi maƙeri, da ta Kawu.

Matar maƙeri da 'ya'yanta ne suka fi kowa haƙa. Ta riga ta yi rainon iri a bayan ɗakinta, tana ba shi ruwan wanke-wanke, ta ce bana babbar 'yarta za ta koma makaranta. Jiya na gan ta tana raba irin wa maƙwabta, wai kada ya tsufa a banza. Na rasa inda zan sa idona.

Akwai abin da ban rubuta maka ba wancan karon saboda sauri, kuma ina jin da na rubuta da ya fi. Da Kawu ya ce a bar maganar, bai tsaya nan ba. Cewa ya yi, "Yaron nan ya zo rumfa ya faɗi gaskiya, na ba shi haƙuri a madadin ruwa. Yau in na roƙe shi, don ina so ne, kuma zai san don ina so ne. Kada ku sa shi ya ji nauyina. In ruwan ba zai kai ba, ku yanke ni." Ya ce ko an ba shi takarda bai san da wane baki zai fara ba. Inna na zaune, ta tashi ta shige ɗaki. Wanta ne, kai kuma ɗanta, ka ga inda aka ajiye ta tsawon shekarun nan.

Ban rubuto don in roƙe ka ba, an hana ni. Na rubuto ne don kada ka ji a bakin wani. Gonarka taka ce. Amma ni da nake alfahari da kai a gaban mutane, ina cewa Yayana fushi gare shi amma ba ya zalunci, yanzu in aka taɓo zancenka sai in sunkuya in gyara takalmi.

Ma'aikata za su fara shimfiɗa bututu da zarar sun gama kafa allunan hasken rana.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Lafiyata lau, ki fara gaya wa Inna wannan.

Wane shiru? Na ba ku amsa tun tuni! Da takardarki ta iso na bar aiki na tafi tashar manyan motoci da ƙafar nan tawa. Ashe motar direbanmu ta lalace a hanya, an ja ta gareji, shi kuma ya tafi jinyar matarsa. Na je garejin. Takardata na nan cikin aljihun gaban mota, tare da bawon gyaɗa da tsohon burushi. Ga ta nan na haɗa da wannan, kin ga har man inji ya taɓa ta. Mai motar taki ya yi min alkawarin zai miƙa miki hannu da hannu kafin ya sauke buhu ko ɗaya. Na riƙe masa riga sai da ya rantse.

Ku tsayar da haƙan nan. Ki je wurin matar maƙeri kafin ki je ko'ina, ki ce ta karɓo irinta.

Zancen Kawu kuma. Na karanta maganarsa a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na ɗauka girman kai ne. To, ba shi ba ne, ko kuma ba shi kaɗai ba ne. Ban san abin da zan yi da wannan ba tukuna, na saba da wancan Kawun, shi nake ɗauke da shi tun da na baro gida. Abin da na sani shi ne na rubuta sharaɗina tun ina zaton ya raina ni. Ki duba ki gani. Ba maganarsa ce ta saye ni ba.

Kuma ki ɗaga kanki, ki bar takalminki ya huta.

Yayanki.

*

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Haƙori ya fito, guda biyu, ya fara gwada su a kafaɗar ubansa. Inna ta ce in gaya maka ta yafe maka safar da ba ka sawa, don ta san ƙarya kake.

Takardunka sun iso ana sauke bututu daga mota. Na karanta a bakin rami, na ruga gidan matar maƙeri ba mayafi. Ta bi gida-gida tana karɓo irinta, har wanda ya riga ya dasa sai da ya tone ya mayar mata.

Da yamma na tara mutane a rumfa na karanta sharaɗinka. Kada ka ɗauka tafi aka yi. Waɗanda gonakinsu suka dawo kusa da rijiya, waɗanda kuka sha wuya tare a da, su suka fi kowa tsalle. Mai shagon taki ya ce, "Mu da muka shekara muna cin ƙarshe, yau da Allah Ya kawo mu gaba sai a ce mu koma cin safiya?" Wani ya ce ai ruwan rana ƙona shuka yake. Injiniya ta ce wannan ruwan a gindi yake ɗiga, ba ya taɓa ganye, kuma yadda ka tsara haka ita ma za ta tsara. Mai shagon taki ya ce to shi bai yarda ba. Wanzami ya ce, "Ai kai ko aski ma sai ka ce a fara da kai, ga shi kan naka ba komai." Aka yi dariya, amma rigima ba ta mutu ba.

Sai na ce musu, "Wanda ya kafa sharaɗin nan ya fi kowa kusa da rijiya, ya kuma fi kowa shan wuyar ƙarshe. In akwai wanda ya fi shi haƙƙin ramawa, ya miƙe in gan shi." Yaya, ba wanda ya miƙe. Mai shagon taki ya yi ta kallon rufin rumfa kamar an rubuta masa wani abu a can. Aka ɗaga hannu, aka amince.

Mun mayar da ƙasar wancan ramin, muka shiga gonarka. Inna ta sa aka kai mata kujera ta zauna da sanda, duk wanda addarsa ta wuce faɗin rami sai ta ce, "Kai, ɗana bai ba da nan ba." Yanzu gonar taka kamar kan yaron da aka yi wa tsaga, ƙaya dama, ƙaya hagu, hanya fes a tsakiya.

Ranar da aka saki ruwa, da rana ta take na rufe na kowa da hannuna. Muka bi bututu da ƙafa har bakin rafi, muna jin sa yana gudu a ƙarƙashin ƙasa. Matar maƙeri ta durƙusa ta tara hannu a bakin tiyo. Da ya fito, 'yarta ta yi guɗa har tsuntsaye suka watse.

Yanzu in ka tsaya a tudu ka duba, kore ne shar har rafi, kuma ba za ka iya nuna ina ne farko ina ne ƙarshe ba. Wata ƙungiya ta turo mutane su ga yadda muke rabon ruwa. Na tsaya ina yi musu bayani kamar a ciki aka haife ni. 'Yar matar maƙeri ta koma makaranta, da safe nakan gan ta ta wuce da jaka. Ɗan wanzami da ya ɗaure kayansa zai bi sahunka ya kwance, ya ce bari ya ga albasar bana tukuna. Sau ɗaya fanfo ya tsaya, tsuntsaye sun ɓata alluna. Muka wanke, washegari muka ɗora daga inda aka tsaya. Ba sai ka zo da diga ba.

Kawu kuwa ya ƙi yarda kowa ya buɗe masa ruwansa. Kullum tsakar rana zai dogara sanda ya tafi, ya zauna a kan bokiti a bakin gona, gumi na zuba, yana kallon ɗigo. Na ce ya bari jikokinsa su yi. Ya ce, "Ɗan ƙanwata ya ba ni ruwa, ya kuma shanya ni a rana. Duka biyun na karɓa."

Ga albasa cikin ƙaramin buhu, ba ta gama ƙosawa ba amma na kasa jira. Daga gonar ƙarshe take. Kawu ne ya cire da hannunsa, bai ce in ce komai ba.

Auta, mai rabon ruwa.

*

Ranki ya daɗe mai rabon ruwa,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna da sandarta. Ina gaida mai haƙora, Allah Ya ba ubansa juriya.

Buhu ya iso. Na zazzage shi a kan katifa, abokan ɗakina suka taru. A nan kullum albasa ke bi ta hannuna, kwando bayan kwando, ban taɓa tsayawa na shinshina ɗaya ba. Wannan na ɗaga ta sama na ce musu, "Ku duba da kyau, ƙarshen layi ke nan a garinmu." Mai minsharin nan ya ce ai albasa albasa ce. Na ce masa shi ya sa har yau yake ɗaukar kwando. Ya ce ni fa me nake ɗauka? Amma a miya sai da ya nemi ƙari.

Washegari na sami mai kula da mu na ce a gwada ba layin ƙarshe tsakar rana. Ya ce wa ya koya min. Na ce wata ƙungiya ce ke yi, ƙanwata ce ke riƙe da ruwansu. Ban san bakina zai yi daɗin faɗar haka ba.

Kada ki ɗauka komai ya wanke. Shekarun da na yi a nan ba wanda zai mayar min da su, ƙafar nan ma ba za ta koma sabuwa ba. Amma da, in na rufe ido, busasshen fangali nake gani. Yanzu tsagar nan da kika ce nake gani, da Inna a kan kujera.

Ki tambayi injiniya, in ta sake zagayowa, ko za a iya fitar min da baki ɗaya daga bututun a tsakiyar gonata, a toshe shi da murfi. Ban ce zan dawo ba, kada ki je ki gaya wa Inna ta fara share ɗaki. Na ce dai a bar baki. In ranar ta zo, na san lokacina, ni na rubuta shi: safiya da la'asar, lokacin da fanfo ke rarrafe. Na sake zama na baya a gonar ubana. Wannan karon ni na ajiye kaina a wurin, kuma ba wanda ya isa ya matsar da ni gaba.

A cikin kwalin da na haɗo da takardar nan akwai takalman yara da mayafin Inna. A ƙasa akwai malafa mai faɗin baki, irin wadda muke sawa a nan. Ki kai wa Kawu. Ba sai kin ce daga ina take ba.

In ya sa ta kuma ya ce har yanzu rana na dukansa, ki ce na ce haka muka saba yi. Ya yi haƙuri.

Yayanki.